Malam Edita, a riƙa tunawa da masu raba ƙwallo ma

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatan gidan jarida, ya aiki ya ɗawainiya da jama'a, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta ku ne daga nan Zinder, kuma gaskiya shafin wasanni shine farkon abinda nake buɗewa a waya kafin ma in duba labarin siyasa, shi yasa yau nace bari in rubuto in faɗi abinda ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, in kun ga ya dace ku buga in kuma ya yi tsawo ku yi haƙuri dani.

Tunda Napoli ta ɗauki kofin Serie A, babbar gasar Italiya, a watan Mayun 2025 na lura duk lokacin da kuka taɓo maganar 'yan ƙasar Sikotilan (mu nan Ekos muke cewa saboda da Faransanci muke jin sharhi a tele) sunan mutum ɗaya ne kawai ke fitowa, Scott McTominay. To ba wai ina ja da wannan bane, mutumin ya yi abin a yaba, shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan Serie A na wannan kakar, kuma ranar 23 ga Mayu da suka doke Cagliari 2 da 0 suka tabbatar da kofin shi ya fara jefa ƙwallo da wani irin tsalle kafin Lukaku ya ƙara ta biyu. Amma fa ba shi kaɗai bane ɗan Sikotilan a wannan ekip ɗin, akwai wani ɗan siririn yaro gajere da suka sauka Napoli lokaci ɗaya a ƙarshen Agustan 2024, Billy Gilmour, shi ne nake so ku ɗan ba shi fili, kuma zan faɗi dalilina domin dalilin yana nan cikin unguwarmu ba a Turai ba.

Ni ba wani koci bane mai takarda, dinki nake yi, amma shekara da shekaru ina haɗa yaran unguwa da la'asar a wani teran na yashi bayan lakwal, mu sa duwatsu ko takalma su zama raga, in bakansi ta zo mu shiga gasar unguwanni. To bara akwai wani yaro cikin nawa, ba zan kama sunansa ba, ɗan ƙanƙani ne sosai har in ya sa mayo sai ta sauko masa kusan gwiwa sai ya ɗaure ta da igiyar wando, amma yaron nan kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya waiga hagu ya waiga dama ya san inda zai aika ta, taɓawa ɗaya ko biyu ya sake ta, baya yanka baya neman tafi. Ranar da aka zo zaɓen yaran da za su wakilci yankinmu, mai zaɓen ya tsaya ya jera su kamar ragunan layya, yana kallon ƙirji da cinya, ko minti goma bai bari an buga ba ya nuna masu tsayi da masu gudu, ya ce wa nawa je ka ƙara cin tuwo ka dawo baɗi. Yaron bai yi kuka ba, ya dai zauna bakin teran yana tona yashi da ɗan yatsa har aka tashi. Wannan abun ya tsaya min a rai, kuma tun ranar duk sanda na ga Gilmour a tele yaron nan nake gani.

Gilmour an haife shi ranar 11 ga Yunin 2001, ya tashi a wani ɗan ƙaramin gari na bakin teku da ake kira Ardrossan, kuma a makarantar yara ta Rangers ta birnin Glasgow ya koyi ƙwallo. Abinda ya fi burge ni a wannan ɓangaren shine tsarin da hukumar ƙwallon ƙasarsu ta yi, sun ware wasu makarantun sakandare inda yaro mai baiwa zai yi karatunsa na boko kamar kowa sannan kullum a ba shi horo na musamman, shi a Grange Academy ta garin Kilmarnock ya yi. Wato ba a ce masa zaɓi ɗaya tsakanin littafi da tamola ba. Mu nan kuwa yaro ko dai ya gudu daga aji ya je teran malamin lakwal ya zane shi gobe, ko kuma ya haƙura da ƙwallon gaba ɗaya. A 2017 yana ɗan shekara 16 Chelsea ta ɗauke shi, ko wasa ɗaya na gasa bai buga wa babbar Rangers ba.

Kocin Chelsea na lokacin Frank Lampard ne ya fara saka shi a babban ekip a 2019, amma daren da duniya ta san shi shine 3 ga Maris 2020, wasan kofin FA da Liverpool. Ku tuna fa wace Liverpool ce ta wancan lokacin, ita ke riƙe da kofin zakarun Turai kuma ta yi wa kowa fintinkau a Firimiya. Ni a gidan kallo na gani, irin na rumfar kwano da benci, ka biya kuɗinka a ƙofa a matse ka kamar kifi a gwangwani, ana tsakar wasa wuta ta ɗauke sai da aka tada gurup, kuma da aka ga jerin 'yan wasa 'yan Chelsea da kansu suka fara tsaki suna cewa wannan ɗan tayin fa daga ina. Kafin a tafi hutun rabin lokaci bakin kowa ya mutu. Yaro ɗan shekara 18 ya zauna tsakiya yana karɓar ƙwallo daga 'yan baya ko da mutum biyu na kansa, ya juya ya raba, har ya zura wa Fabinho na Liverpool ita ta tsakanin ƙafafu, rumfa ta ɗauki ihu wani dattijo kusa dani har shayinsa ya zube a riga. Chelsea ta ci 2 da 0, Willian da Barkley suka jefa, amma gwarzon wasa Gilmour aka ba. Bayan kwana biyar aka sake saka shi da Everton suka ci 4 da 0 aka sake ba shi. Sai korona ta zo ta rufe komai, da aka dawo kuma a watan Yuli ya ji rauni a gwiwa aka yi masa aiki, ya yi watanni yana jinya.

Anan ne nake so masu karatu su ɗan tsaya, saboda mu a fada in muna shan shayi muna gardama lissafinmu ɗaya ne, kofi nawa ya ci ƙwallo nawa ya jefa. In da wannan lissafin ne to Gilmour yana da lambar kofin zakarun Turai ta 2021, wadda Chelsea ta doke Manchester City 1 da 0 a Porto da ƙwallon Havertz. Amma gaskiyar magana ranar a benci ya zauna daga farko har ƙarshe, kocin Chelsea na lokacin Tuchel bai saka shi ba, kuma ta ina ma zai shiga alhali ga Kanté ga Jorginho ga Kovacic a gabansa. Lamba ce mai kyau a rataye a ɗaki amma ni a wurina ba ita ce shaidarsa ba.

Shaidarsa ta zo bayan sati uku, 18 ga Yunin 2021 a filin Wembley, gasar Euro, Ingila da Sikotilan. Wanda bai sani ba, waɗannan biyun ƙasa ɗaya suke ƙarƙashin Birtaniya amma a ƙwallo kowa da tutarsa, kuma su ne suka buga wasan ƙasa da ƙasa na farko a tarihi a 1872 a Glasgow aka tashi babu ci, don haka gabar tasu ta gado ce, irin ta maƙwabcin da kuke katanga ɗaya. Koci Steve Clarke ya ɗauki yaron da sati ɗaya kenan da cika shekara 20, wanda bai taɓa fara wa ƙasarsa wasa ba, farkon watan nan ne ma ya fara shigowa canji a wasan sada zumunta da Holan, ya jefa shi tsakiyar Declan Rice da Kalvin Phillips da Mason Mount. Aka tashi 0 da 0 kuma aka ce shi ne gwarzon wasa. Babu ƙwallo, babu wanda ya ba wani ya ci, amma duk wanda ya kalla ya ga cewa duk sanda 'yan Sikotilan suka rikice sai su nemi ɗan ƙaramin nan su ba shi, shi kuma ya sanyaya wasan kamar mai zuba ruwa a tukunyar da ke tafasa. Sai kuma ikon Allah bayan kwana kaɗan aka gwada shi aka ce yana ɗauke da korona, bai buga wasan ƙarshe da Kuroshiya ba, suka sha kashi 3 da 1 aka kore su.

Daga nan fa labarin ya yi tsami, kuma wannan ɓangaren ne na fi so in yi wa yarana bayani. Chelsea ta bada aronsa ga Norwich City a kakar 2021 zuwa 2022 wai ya je ya samu buga wasa. Norwich kuwa ekip ce da ta hau Firimiya kwanan nan tana fafutukar kar ta koma, kusan kowane sati ita ake kai wa hari, ƙwallo bata zama a ƙafarsu balle a ce a raba ta, abinda suke buƙata ƙato ne mai gudu da sara da tsalle. Sai ya zama kamar ka ɗauki tela ka ba shi gatari kace ya je ya faskara itace, in ya kasa kace ba shi da sana'a. Kocin da ya kawo shi Daniel Farke aka sallame shi a watan Nuwamba, Dean Smith ya karɓa, abu dai bai gyaru ba, har akwai ranar da wasu magoya bayan Norwich ɗin da kansu suka dinga yi masa ihu ya koma Chelsea. Suka ƙare na ƙarshe a teburi suka faɗi. A fadarmu a lokacin an gama yanke masa hukunci, wani abokina mai kabu-kabu ɗan a-mutun Madrid kullum sai ya tsokane ni yace ina ɗan tayinka, ai dama wasa biyu ne ya yi aka hura masa kai.

1 ga Satumban 2022 Chelsea ta sayar da shi ga Brighton gaba ɗaya. Ka ji kuma wani abin dariya, kocin da ya saye shi Graham Potter ko kwana goma bai ƙara ba ya tattara ya tafi, ina ya tafi, Chelsea ɗin da yaron ya baro. De Zerbi ɗan Italiya ya zo, kuma kakar farko yaron benci ya fi sani don ga Caicedo ga Mac Allister a wurinsa. Bai yi rigima ba bai fita jarida yana zagi ba, har dai aka sayar da waɗancan biyun a 2023, ɗaya Chelsea ɗaya Liverpool, wuri ya buɗe ya shiga ya zauna, kuma a shekarar ne Brighton ta fara buga gasar Turai a tarihinta. Salon De Zerbi na fara gina wasa tun daga mai tsaron gida, a jawo abokan gaba su matso sannan a ratsa su da gajerun fas, wannan kam kamar an auna shi aka ɗinka masa. Mutum ɗaya ne fa da na Norwich, tsayinsa bai ƙaru ba ƙirjinsa bai faɗaɗa ba.

A ɓangaren ƙasa kuwa ƙwallonsa ta farko a Oktoban 2023 ya ci, a ragar Faransa a garin Lille, shi ya fara ci ma kafin su Mbappé su farka su rama 4 da 1. A Euro 2024 kuma Clarke ya ajiye shi a benci a wasan buɗe gasa da Jamus mai masaukin baƙi aka yi musu ruwan ƙwallaye 5 da 1, tsakiyarsu ta zama hanyar mota, wasa na biyu da Suwizalan aka dawo dashi cikin sha ɗayan farko suka yi 1 da 1. Ba ina cewa da shi kaɗai za su hana Jamus ci bane, a'a, Jamus ta fi ƙarfinsu ko da wa suka saka, kuma wasa na uku yana ciki Hangari ta ci su 1 da 0 a mintin ƙarshe suka koma gida. Amma bambancin yadda suke riƙe ƙwallo in yana nan da in baya nan ko makaho ya shafa ya ji.

Sai Napoli. Mu nan da yawa saboda Osimhen muka fara bin Napoli lokacin da suka ɗauki kofi a 2023, da ya tafi Galatasaray wasu suka watse, ni kuma na tsaya saboda Anguissa ɗan Kamaru da kuma wannan yaron. Kocin Napoli a wannan kakar Antonio Conte mutum ne da kowa ya san baya wasa da horo kuma baya saka ɗan wasa don kunya, ga kuma Lobotka a wannan gurbin wanda shima gajere ne gwani, to Gilmour ba kullum yake farawa ba, amma duk lokacin da Lobotka ya ji rauni shi ake miƙa wa ragamar tsakiya kuma ekip bata girgiza ba. Da maki ɗaya tak suka fi Inter a ƙarshen kaka, 82 da 81, kofinsu na huɗu a tarihi. In gasa ta zo da tazarar maki ɗaya to kowane wasan da mai jiran gado ya riƙe ba a yi ɓari ba yana cikin kofin nan. Wannan lambar kam da guminsa ya same ta, ba irin ta Porto ba. Abokina mai kabu-kabu da na tuna masa sai ya ce ai ƙwallon Italiya ta tsofaffi ce, na ce to.

Wani abu da ke bani mamaki Malam Edita, Sikotilan duka-duka mutanenta basu kai miliyan shida ba, mu Nijar mun haura miliyan 25. Su ma ba wasu manya bane a ƙwallo, sun yi shekaru suna shan wahala, rabonsu da kofin duniya tun 1998 a Faransa inda Maroko ta lallasa su 3 da 0, sai a Nuwamban 2025 suka samu tikiti bayan sun doke Denmak 4 da 2 a filin Hampden, kuma ƙuri'a ta sake haɗa su rukuni ɗaya da Brazil da Maroko kamar wancan karon, da Haiti. Amma duk da haka dubi yaransu a Italiya da Ingila. Mu kuma Mena, ekip ɗin ƙasarmu, tun 2012 da 2013 da muka je kofin Afirka sau biyu a jere, lokacin su Moussa Maâzou, muke ta zaman tuna baya. Na san maganar kuɗi ce da filaye da abinci mai kyau, ban musa ba, yaron da ya karya da koko ya wuni a rana ba za ka haɗa shi da na Glasgow ba. Amma akwai abinda ba kuɗi yake ci ba, wato ido. Mai zaɓen yara ya zauna ya kalli wasa cikakke, ya duba wanda yake waigawa kafin ƙwallo ta zo, wanda yake nuna wa ɗan uwansa inda zai tsaya, wannan ko dala ba a kashewa. Kuma mu duka mun san wata matsalar da ba a son faɗa, ta rage shekaru, a kawo mai gemu an aske a ce ɗan sha biyar ne, to ta yaya ɗan sha biyar na gaskiya mai siririn wuya zai yi gogayya dashi a gwajin minti goma.

Ku ma 'yan jarida kuna da naku kason a ciki, ku yi haƙuri in na taka ku. Yaran nan abinda kuka ɗaga shi suke ɗagawa. In kullum hoton mai cin ƙwallo ne da mai tsalle da mai cire riga, to kowa a teran gaba zai tsaya yana jiran a ba shi, na sha raba yara in ce wa zai tsaya lamba shida, wato mai raba ƙwallo a tsakiya, kowa ya sunkuyar da kai kamar na ce wa zai share masai. Roƙona shine ko sau ɗaya a wata ku ware ɗan gurbi ku yi bayanin irin waɗannan 'yan wasan, mi lamba shida yake yi, mi yasa koci ke son sa alhali ba ya ci, ku kawo su Gilmour da Lobotka da makamantansu, kuma ku leƙo jihohi ku ga gasar bakansi da idonku, ba sai Yamai kaɗai ba, mu ma nan Damagaram akwai yara.

Shi kuwa yaron nawa ya yi wajen wata biyu bai zo teran ba, ance yana taya babansa jiran shago a kasuwar Dole. Na bi shi har can ranar wata Alhamis na same shi yana auna sukari, na ciro waya na nuna masa guntun bidiyon wasan Wembley ɗin nan, ya kalla sau uku bai ce komai ba sai da ya miƙo min wayar yace Malam wannan ɗin nawa ne tsayinsa, nace kaɗan ya fi ni, kuma kowa a unguwa ya san ni ba dogo bane. Ya dawo atisaye sati na gaba, mayon dai har yanzu da igiya yake ɗaure ta.

Na gode da fili, a gaida ma'aikata.

Naku mai karatu kullum,
daga unguwar Birni, Zinder